Layin da Babu a Manhaja

Shekara ashirin da uku ina riƙe da littafin,
mai baƙin bango, ɗaure da robar taya.
Ƙungiyar dillalan riɗi ta kasuwar Gujungu:
mutum ɗari da sha bakwai, ban da waɗanda ƙasa ta rufe wa ido.
Kowace Lahadi bayan la'asar, a rumfar Alhaji Mati,
sai in lashi yatsa in buɗe shafi,
ana miƙo ɗari biyar-biyar, ina sa hannu da jan biro.

Bara da damina gara ta shiga akwati.
Ta cinye Sha'aban, ta taɓa Ramalana,
ta bar mini rabin sunan Lawandi da wutsiyar wata lamba.
Aka yi ta musu har aka kira magariba:
wa ya biya, wa ya ce zai biya?
Hannu da yawa suka ɗaga jinkar nan,
baki da yawa ya kusa sauke ta.

Sai ga Nafi'u, autan Kande,
wanda ya karanto kwamfuta a Kazaure,
da wayarsa mai tsagaggen gilashi.
Ya ce, "Baba, akwai manhaja. Wannan gara ba ta cin ta."
Dare huɗu muka yi a shagon caji,
janareta na tari, ina kiran suna, yana dannawa.
Kowa da lambarsa, kowa da hotonsa.
Alhaji Mati sai da ya koma gida ya sako babbar riga.

Ba zan ɓoye ba, abin ya yi daɗi.
Mai lodi a Dawanau ya biya daga can,
rasit ya iske mutum yana tsakiyar gona.
Lissafin da kan ci mini kwana uku
ta gama shi shayi bai huce ba.

Ranar nan na leƙa, na ga suna ɗaya ya koma ja,
ja kamar barkono a shanya.
Cindo. Lahadi uku.

Tun da motarsa ta kife a hanyar Ringim,
buhu arba'in suka bi ruwa,
Cindo bai sake kawo ko sisi ba.
Yakan zo cikin mutane ya miƙo hannu a dunƙule,
in karɓi iska a dunƙule in sa aljihu,
in rubuta "ya biya", da dare in cike daga nawa.
Ni na sani, shi ya sani, Allah ya sani.
Gara ma ta ci shafin ta yi shiru.
Yanzu kuɗi ta waya suke bi,
dunƙulallen hannu ba shi da ƙofa.

Na ce, "Nafi'u, abin nan naka ya iya ƙirga,
amma ba a koya masa kawaici ba."
Ya ce, "Gobe da asuba zai tura jerin masu bashi ga kowa."
Na gaya masa abin da ban taɓa gaya wa uwargidana ba.

Ya sunkuyar da kai. Ya daɗe yana danne-danne.
"Ana iya ƙara layi. Me za mu kira shi?"
Na ce, "Rufin asiri.
Mai zubawa ba suna, wanda aka cike wa ba suna."

Bayan mako na buɗe layin.
Dubu tara da ɗari biyar.
Tawa dubu biyu ce.
Ashe duk shekarun nan ba ni kaɗai ke da ido ba.

Littafin na naɗe shi da ganyen darbejiya na ajiye.
Cindo har yau yakan zo bayan la'asar,
ya miƙo hannu a dunƙule.
Ni kuma har yau ina karɓa.